Bikon Yaron Da Na Yanke Wa Cibi

Ga waɗanda suke wurin ran nan, a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin shan magani na Kazaure. Akwai Malama, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da aka turo daga Kano, ita ce ta tara mu. Akwai wanzamin Roni, dogo mai surutu, zabirarsa ba ta rabuwa da hammatarsa. Akwai malamin asibiti na Babura, Babarbare ne, a sabon babur yake zuwa. Akwai wata Bafulatana mai tallan nono, rugarsu tana bayan duwatsun Roni, babu gidan da ba ta shiga. Akwai mai kitso ta cikin garin Kazaure, mace mai ƙarancin magana. Sai ni, ungozomar Gwiwa. In kuma za a lissafa da ita, akwai wata 'yar tsana ta tsumma da Malama take zuwa da ita a jaka. Har yau in na lumshe ido ita nake fara gani, kwance a tabarma tana kallon sama, inuwar ganye tana yawo a kanta.

Ban yi boko ba, allo ma iyakacin abin da zan yi salla da shi na samu. Jikata ce take rubuta wannan. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sa sunan kowa, don wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma jikokinsu suna nan suna cin kasuwa tare.

Shekarun nan ne da aka sauya kuɗi, fam da sule suka tafi, naira ta zo. Samari suna ta tafiya Kano aikin gini, su dawo da rediyo da agogo, gidaje sun fara sa rufin kwano yana ƙyalli daga nesa. Amma damina ta yi ta yi mana gardama, gero bai cika rumbu ba, sai mutane suka shiga raba 'ya'ya ga dangi. Riƙo tsohon abu ne a wurinmu, kuma yawancinsa alheri ne, ni kaina a hannun ƙanwar ubana na tashi. Sai dai a shekarun ya yi yawa, har yara suka riƙa faɗawa hannun waɗanda ba su nema ba.

Abin da ya kawo Malama ke nan. Duk ranar kasuwar Kazaure muke haɗuwa. Ta ce kowannenmu yana ganin wani yanki ne na yaro. Wanzami yana ganin kai da ƙeya. Mai kitso tana ganin wuya da kafaɗa. Malamin asibiti yana ganin dantse in ya zo yin lamba, wato rigakafi. Mai nono tana ganin tsakar gida a lokacin da ba a shirya wa baƙo ba. Ni kuma na ga yaro tun bai san kansa ba. Ta ce in muka haɗa abin da muka gani wuri ɗaya, yaron zai fito cikakke.

Da farko raina abin na yi. Yarinyar da na girmi uwarta, da tabarau da takalmi mai tsini, wai za ta koya mini kallon yaro da 'yar tsana. Na zauna na ɗaure fuska, dama a ɗaure take. Amma ita ba ta yi gardama da ni ba, sai ta ɗauki gawayi ta ɗiga wa 'yar tsanar a gwiwa, da goshi, da gwiwar hannu. Ta ce nan ne ƙasa take cin yaro in ya faɗi da kansa. Ta juya ta, ta nuna gadon baya, da bayan kunne, da cikin cinya. Ta ce nan kuwa ƙasa ba ta kaiwa, sai hannu. Ta ce ƙunar haɗari ba ta da siffa, gudu take yi kamar ruwan da ya zube. Ƙunar da aka yi da gangan tana da baki, tana da kama da abin da aka yi ta da shi, kuma ba ta zuwa ita kaɗai.

Na koma gida ran nan ina kallon yaran unguwa kamar ban taɓa ganinsu ba. Daga nan ban ƙara fashi ba.

Ranar da nake ba da labarinta kuwa bazara ce. Zafi ya kwanta a kan garin, duwatsun Kazaure suna rawa a cikin hasken rana kamar ba a ƙasa suke zaune ba. Daga inda muke ana hango ruwan dam, fari fat, har ba ka gane inda ya ƙare sama ta fara. Malamin asibiti ya kafe babur ɗinsa, ya dubi ƙwaryar mai nono.

"Ke baiwata," in ji shi, "miƙo in ɗanɗana, in ji ko yau ma rijiya kika tatsa."

"Ji bawa da bakin magana," in ji ta. "Babur ɗin ma na iyayen gidanka ne. Goge mini shi kafin in tashi."

Haka suke yi kullum, wasan Fulani da Barebari, mu kuma mu sha dariya, ban da ni. Wanzami ne yake ƙara musu gishiri, amma ba ran nan ba. Na lura tun zuwansa bai buɗe zabira ba, bai nemi goro a wurin kowa ba. Da Malama ta ce ko akwai wanda ya zo da wani abu, sai ya miƙa hannu ya ɗauki gawayin. Ya kifar da 'yar tsanar, ya zana mata wani abu a ƙasan wuya mai kama da ganyen magarya amma ya fi shi girma. Ya zana wani a gefensa. Ya ƙara wani a ƙasa. Duk kamarsu ɗaya.

Ya ce a wani ƙauye ne bayan Roni, ya je aski, aka kawo masa yaro da bai wuce fara zubar da haƙoran gaba ba. Ya ja wuyan rigar don kada gashi ya shiga, ya gani. Wasu sun warke sun yi fari, ɗaya kuwa ɗanye ne.

"Ba ƙaho ba ne, ba tsaga ba ce," in ji shi. "Na san aikin hannuna, na san na 'yan'uwana. Wannan ba magani aka yi masa ba."

Mai nono ta ajiye ludayinta. Ta tambaye shi ko gidan da ke kusa da tsamiya ne, na matar nan mai ƙosai. Ya ce nan ne. Ta ce ita kullum ta shiga sai ta tarar da 'yar tabarmar yaron a shanye a kan danga, fitsarin kwance yake yi. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ya jingina da bango ba, a tsaye yake cin abinci. Ta ce kuma cokalin da matar take tsame ƙosai da shi, bakinsa haka yake, ta nuna zanen gawayin da yatsa.

Malamin asibiti ya daina murmushi. Ya ce da aka ara shi zuwa yankin Roni yin lamba, akwai wani yaro da ya ƙi cire riga, sai hannun rigar ya naɗe. Ya ce duk yaran sun yi kuka, shi kaɗai ne bai yi ba, har ya yaba masa, ya ce jarumi.

Ina zaune ina ji, yaron yana haɗuwa a gabana kamar yadda Malama ta faɗa, ƙeya daga wannan, dantse daga wancan. Malama ta tambaya ɗan waye. Mai nono ta ce ɗan riƙo ne, ɗan ƙanin matar, daga Gwiwa aka kawo shi. Sai duk suka juyo suna kallona.

Na tambayi wanzami ko akwai wani ɗan tsiro a gaban kunnensa na hagu, kamar ƙwayar dawa.

"Akwai, Iya. Kewaye shi nake yi da aska."

Sai darbejiyar ta ɓace mini. Na ga wani ɗaki mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hantsi, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, indararo yana ɗiga. Na ga yarinya mai haihuwar fari ta cije gefen zane don kada a ji muryarta. Na ji nauyinsa a tafin hannuna, da ɗuminsa, da ɗan tsiron nan da na shafa da babban yatsa na ce wannan ba zai ɓata a kasuwa ba. Ni na yanke masa cibi. Ni na binne mabiyiyarsa a bayan ɗakin, na san wurin har yau.

Abin da ke gabanmu a fili yake. Yaron yana fitsarin kwance, kuma ba zai daina ba don an ƙona shi. Duk safiyar da tabarmar nan ta hau danga, cokali yana jiransa. Ubansa yana Kano wajen gini, kuma ko yana nan, ƙane ba ya zuwa gaban yayarsa ya ce ba ni ɗana. Malama ta ce ita ma ba za ta iya ɗauke ɗan mutane haka kawai ba, sai ta ji daga bakin ɗaya daga cikin iyayensa, in ba haka ba matar za ta kai ƙara a ce hukuma ta yi satar yaro. Saura uwa. Ni kuwa na san ɗan fari ne.

Malamin asibiti ya ce ba zai koma Babura ba, zai kwana a Kazaure da akwatin maganinsa har sai ya duba yaron. Mai kitso ta ɗauki 'yar tsanar ta goge mata gawayin da gefen zanenta, a hankali, ba wanda ya sa ta. Mu kuma, ni da Malama da wanzami, muka shiga motar ofis muka nufi Gwiwa.

Ban cika son mota ba. Gonaki suna gudu baya, kukoki tsirara suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin da suka fito rakiya. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na riƙa ganin yaran da na karɓa duka sun jeru a gefen hanya, sun juya mini baya, kowa ya ɗaga riga in duba.

Mun tarar da uwar tana daka, maƙwabta biyu suna tankaɗe a gefe. Wanzami ya tsaya a ƙofar gida. Malama ta gaishe ta, ta ja ta gefe, ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Ta ce kalma ɗaya take nema, uwar ta ce a dawo da shi.

Yarinyar ta koma bakin turmi ta ɗauki taɓarya.

"Ni ba ni da magana a kan wannan," in ji ta, idonta a cikin turmin. "Ɗansu ne."

Ga mai karatu da bai tashi a cikin wannan ba: mace a wurinmu ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa. In ta yi, an ce ba ta da kunya, har a yi mata waƙa. Ƙari a kan haka, karɓe ɗan riƙo daga hannun yayar miji yanke zumunci ne, kuma a kanta zai ƙare. Ta ci gaba da dakanta. Amma ni na san sautin taɓarya. Tana sauka ne a gefen turmi, ba a tsakiya ba, gero yana tsalle yana zubewa ƙasa, kaji suna tsinta, ba ta kore su ba.

Muka fito. A zaure Malama ta cire tabarau tana goge ido.

"Iya, ni ma Bahaushiya ce, na san kunyar ɗan fari. Amma har a wannan?"

Sai na ji taku a bayanmu. Uwar ce, riƙe da wani zane a ninke. Ba ta dubi Malama ba.

"Iya, kin manta zanenki," in ji ta. Ta ɗora mini a hannu ta juya.

Ba zanena ba ne. Saƙi ne baƙi mai ratsin fari, ya koɗe a tsakiya inda bayan jariri yake zama. Ni na fara ɗaura mata shi ranar da ta fara goyo, na koya mata yadda ake ɗaurin ƙirji. Yana ƙanshin ƙasan adaka.

Na ce wa Malama zanen goyonsa ne. Ta dube shi, ta dube ni.

"Kin tabbata, Iya?"

"Na tabbata. Ta gama magana."

"To ya ishe ni," in ji ta. "Zan ce uwa ta nema, kuma ban yi ƙarya ba."

Sai maganar yadda za a yi. Malama ta ce za ta je ƙauyen tare da ɗan aiken dagaci. Na ce mata motar ofis tana tsayawa a ƙofar gidan za a fitar da yaron ta danga, a ce ya tafi gona. Kuma kowa zai san daga ina maganar ta fito, uwar ce za ta sha. Muna tsaye a ƙofar gida muna juya abin, sai wanzami ya yi wata 'yar dariya, ta farko tun safe.

"Iya, ai mijinki ne. Ba ke kika yanke cibi ba? Ya gudu ya bar ki, je ki biko."

Gaskiya ya faɗa. Duk tsohuwar da ta karɓi haihuwar ɗa namiji, kaka ce a wurinsa, tana kiransa maigida, ta tsokane shi ya tsokane ta, ta ce bai ba ta cefane ba. In ta zo da wasa ta ce ta tafi da mijinta ya kwana biyu, ba mai hana ta sai wanda yake so a yi masa dariya. Kowace ungozoma tana wannan wasan. Ni ce ban taɓa yi ba. Yaran Gwiwa in suka hango ni, hanya suke sakewa.

"Sai dai fa," in ji wanzami, "wa ya taɓa ganin haƙoranki? In kika je da fuskar shanun nan, ƙosan ma ƙonewa zai yi."

"Kai dai ka ji da askarka," na ce.

Malama ta yarda, amma ta kafa sharaɗi. Ta ce wasan na fitar da yaro ne kawai, ba na binne magana ba. Da zarar ya fito za ta je wurin dagaci, a kira matar, kuma kada a ƙara ba ta riƙon ɗan kowa. Wanzami ya ɗauki nauyin uban, ya ce har Gwiwa yake yawon aski, in uban ya dawo daga Kano dole ya zauna a gabansa, kuma mutum ba ya gardama aska tana kan maƙogwaronsa. Mai nono dama ta gaya mana da sassafe matar take suya a ƙofar gida, lokacin da layi yake cika. Na ce lokacin nake so.

Da la'asar sakaliya na je ɗiban ruwa a randa, na ga fuskata a ciki. Na tsaya. Na gwada buɗe baki. Wata tsohuwa ta dube ni daga ƙasan ruwan kamar haƙori ne yake mata ciwo. Na sa moɗa na watsa ta.

Washegari bayan asuba motar ta zo. Ta ajiye ni nesa da ƙauyen, a bayan wani dutse, Malama da malamin asibiti suka zauna a ciki. Na ƙarasa a ƙafa, zanen a kafaɗata. Rana ta fara taɓa kan duwatsun Roni, ƙasansu kuwa da sauran duhu, sai suka zama kamar an rataye su.

Na tarar da layi, yara da kwanuka, da wasu magidanta. Matar tana kan kujera 'yar tsugunno, kasko yana tafasa. A kan danga ga tabarmar a shanye. Yaron yana tsaye yana miƙa mata itace.

Na yi sallama da ƙarfi, muryar da ban san ina da ita ba.

"Ina mai ƙwacen mazan mutane? Yau na zo biko! Kin riƙe mini maigida, ba cefane, ba goro, ko sabulu bai aiko ba!"

Layin ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Iya, ai kin yi sake, ƙosai ya fi tuwonki." Na ce masa ya bari in ya ga an sace tasa matar ya yi magana. Aka ƙara dariya. Na juya ga yaron na ce, "Kai kuma, angon banza, ka ga matarka ko gaisuwa babu?" Ya dube ni, bai gane ni ba, bai kuma yi dariya ba.

Matar ta yi yaƙe. Ta ce, "Iya, sannu da zuwa. Ai da kin bari sai bayan salla, yana taya ni aiki."

Na durƙusa kusa da ita kamar zan zaɓi ƙosai. Cokalin yana hannunta, mai yana ɗiga daga bakinsa. Na mayar da fuskata ta kullum, na yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na ga cokalin. Ba ni kaɗai na gani ba."

Ta sunkuyar da kai. Ƙosan da ke cikin kasko ya fara baƙi, ba ta juya shi ba. Na miƙe na sake buɗe haƙora na ce wa jama'a su shaida, na karɓi mijina, wadda take so ta zo ta yi nata bikon. Suka ce sun shaida.

Na zo da zanen ne don in goya shi, ko da ƙafafunsa za su ja ƙasa. Amma da muka kewaya bayan tsamiya na ja wuyan rigar na duba, na ga bayan nan ba zai ɗauki ɗauri ba. Akwai sabo, na safiyar. Sai na warware zanen na lulluɓa masa a ka, ya sauko ta gaba, na ba shi ɗan yatsana ya riƙe. Muka yi ta tafiya a hankali. Can na ji ya ja gefen zanen ya kai hanci. Ya daɗe yana shaƙa.

"Iya," in ji shi, "da gaske ni ne mijinki?"

"To wa? Akwai wani mai tsiro a kunne ban da kai?"

Malamin asibiti ya wanke ciwon a inuwar dutsen, ya sa magani. Wannan karon yaron ya yi kuka, malamin kuwa bai ce masa jarumi ba, cewa ya yi ya yi kukansa. Malama ta sa aka kai mu Gwiwa, ita ta juya wurin dagaci.

Gidana na kai shi, ba gidansu ba, don kada a ce an karɓe riƙo. Katanga ɗaya ce tsakanina da su. Na shimfiɗa masa tabarma ya kwanta ruf da ciki. Ban gama zama ba na ji motsi a kan katangar, an ɗora kwanon koko da zafinsa, an rufe da faifai. Ban ga fuska ba, yatsu kawai na gani.

"Iya," in ji muryar daga can, "na ji an ce kin yi baƙo."

Na ce na yi, kuma zai daɗe. Na sauke kwanon, na tashe shi ya sha.